Ranar da Baba Ya Yi wa Malamaina Godiya

Mahaifina yana da wata ɗabi'a da bai taɓa bari ba: duk malamin da ya koya mini wani abu, sai ya taka har inda yake ya yi masa godiya. Ya yi wa malamin allo, ya yi wa mushen lakwal, wato malamin makarantar boko ta ƙauyenmu da ke kusa da garin Sarkin Hausa, ya hau amalanke zuwa Mayahi da na gama kolej, wato ƙaramar sakandare, ya bi motar kasuwa zuwa Tasawa da na gama lise, babbar sakandare. Ni dai ba a taɓa zuwa da ni ba. Ni ne ɗan fari, kuma a gidanmu ba a kiran sunan ɗan fari, ba a yabonsa, ba a ma cika kallonsa ba. "Kai" ne sunana a bakin Baba, in kuma da wani yake magana sai in koma "yaron nan".

Lokacin da na kusa gama jami'a gwiwoyinsa sun riga sun ƙi. Daga ɗaki zuwa zaure sai da sanda, maganar tafiya birni kuwa ba ta ma taso ba. Inna ce ta gaya mini abin yana cinsa: a ce malaman da suka fi kowa girma su ne za su ɗauka uban yaron nan bai san ya kamata ba.

Ni kuma a lokacin na kamu da zazzaɓin buɗaɗɗiyar manhaja. Manhaja ce da masu ita suka bari a buɗe, kowa ya ɗauka kyauta, ya leƙa cikinta, ya gyara inda bai yi masa ba, ya miƙa wa wani. Mu ƴan wata ƙungiyar ɗalibai muka ɗauko wadda ake darasi da ita ta bidiyo, muka ɗora ta a kan wata tsohuwar na'ura da jami'a ta jingine, muka shiga wa'azi. Duk wanda tsautsayi ya zaunar kusa da ni a teburin mai shayi sai ya ji cewa ilimi ya kusa zuwa har ƙofar bukkar kowa. Abokaina har suka koyi canza hanya in sun hango ni.

Gwajin farko ya nuna mana abin da masu manhajar ba su sani ba, don da alama a ƙasarsu mutum shi kaɗai yake zama a ɗaki. Ɗalibinmu in ya shiga darasi daga gida, da shi da zakara da tunkiya da ƙarar daka suke shigowa. Malami ya rufe musu murya, su sake buɗewa don su gaya masa ba su ji ba. To, a nan na nuna gwanintata. Na shiga cikin manhajar na ƙara mata wani ɗan makulli: in malami ya rufe muryar kowa, ba mai iya buɗe tasa sai malamin ya buɗe masa. Malamai suka yi ta sa mini albarka. A kan wannan gyara na rubuta kundin kammala karatuna, kuma ba na ɓoyewa, a lokacin ina ji da kaina.

Sai malamin da ke duba aikina ya kawo shawara. Tunda na cika kunnen mutane da cewa abin zai kai ƙauye, in koma ƙauyen in kare kundin daga can, abin da muke ce wa sutnans, su kuma malaman da za su yi alƙalanci su zauna a ofisoshinsu. Nan take na amince, don na tuna da Baba. Tunda ba zai iya zuwa wurin malamai ba, ga malamai za su zo har zaurensa.

Da na gaya masa sai ya tambaya ko za su gan shi. Na ce za su gan shi, za su kuma ji shi. Ya ce wa Inna a fito masa da babbar rigarsa ta Salla a shanya.

Ranar, tun da hantsi aka share zaure aka shimfiɗa tabarmi. Na aro batir da farantin sola a wurin mai cajin waya, na kifa turmi a bakin ƙofa inda rezo, wato sabis ɗin waya, ya fi ƙarfi, na ɗora ordinatar, kwamfutata, a kai. Baba ya naɗa rawani ya zauna a gefena, ɗan baya kaɗan, tun kafin lokaci ya yi. Inna da sauran mata suka tsaya daga ƙofar cikin gida, inda suke ji ba a ganinsu.

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne ƙanwata. Na tura mata adireshin shiga don ta kalla daga Tasawa inda take aure, ita kuwa ta jefa shi cikin zauren dangi na waya. A wurinmu sutnans biki ne, ba a ɓoye wa ɗan'uwa biki, ni kuma mai wa'azin buɗaɗɗen abu ban sa wa ɗakin taron namu na bidiyo ƙofa ba. Shugaban alƙalan, wani farfesa mai furfura, bai gama buɗe zama ba sai ga sallama daga Agadas. Ya amsa. Ga wata daga Legas, ga ta kawuna daga wani gareji a Libiya, inji yana ruri a bayansa. Kowa ya shigo sai ya gaida malamai, ya tambaye su gajiya da iyali da damina, ya hango Baba, ya faro daga farko. Baba kuwa yana amsawa ɗaya bayan ɗaya, bai rage wa kowa ko kalma ba. Wata gwaggona ta ga fuskata a wayarta ta rangaɗa guɗa.

Farfesa ya cire tabarau yana gogewa. Malamina ya yi murmushi, ya ce da Faransanci ai ga dama ta samu a gwada aikin ɗalibin. Ya danna, sai ko'ina ya yi tsit. Bakuna suna ta motsi a ƙananan tagogi, ba ka jin ko tari. Farfesa ya ce lallai abin yana aiki, kuma ina jin a nan na ci rabin makina.

Aka buɗe mini ni kaɗai. Na yi bayani, suka yi tambayoyi, na amsa waɗanda na sani, na kewaye waɗanda ban sani ba. Baba ba ya jin Faransanci, amma ko motsi bai yi ba, gumi yana gangaro masa daga ƙarƙashin rawani. Da aka gama suka sake rufe kowa, har da ni, don kada guɗa ta katse musu faɗin sakamako. Na ci, har da yabo. Na juya na gaya wa Baba da Hausa.

Sai ya matso. Ya ja jikinsa a kan tabarma har ya daidaita da allon, ya gyara rawani, ya yi gyaran murya, ya yi sallama. A ƙasan allon ina ganin jar alamar nan mai nuna an rufe mu. Na danna ta ƙi, kamar yadda na koya mata. Na danna alamar ɗaga hannu, na rubuta wa malamina saƙo a gefe, ba wanda ya duba. Duk sun sunkuya suna sa hannu a takardun sakamako, jefi-jefi wani ya ɗago ya ga dattijo yana magana, ya ɗauka da danginsa yake, ya gyaɗa kai ya koma. Da wani ne ya yi gyaran nan, wataƙila da an samu ɓaraka, amma ni na yi shi da kyau. In katse Baba kuwa yana tsakiyar magana da manya, bakina ma bai san yadda ake yi ba.

Ya gode musu, ya ba su haƙuri da bai taka ya je ba, ya yi wa iyayensu addu'a. Sannan ya ce:

"Malamai, wannan ɗana ne, na fari. Ni ban yi lakwal ba, ban san mi kunka koya mishi ba, amma na san irin yaron da na ba ku. In na aike shi gona ba ni bin sawunshi. Ranar da ya tafi birni na kasa cin tuwo, uwar ta ce zazzaɓi ne, na bar ta a haka. In kun ga alheri gare shi, ku kunka ƙara. In kun ga aibu, nawa ne, ku yafe mishi."

Sai ya faɗi sunana, cikakke, ya sa mini albarka da shi. Ban taɓa jin sunan nan a bakinsa ba. Kunya ta kama ni, daɗi ya kama ni, takaici ya fi su duka, don daga Agadas har Libiya, daga farfesa har gwaggo, ba wanda ya ji sai ni da matan da ke ƙofa. Na sunkuyar da kai ina kallon saƙar tabarma don kada ya ga idona.

Farfesa ya tattara takardunsa, ya ɗaga mana hannu, ya ce zama ya ƙare. Tagogin suka ɓace. Baba ya shafa addu'a, ya ɗaga murya yadda Inna za ta ji, ya ce ta ga manyan mutane, har ya gama ba wanda ya katse shi. Sannan, ba tare da ya dube ni ba, ya ce, "Kai, sun dai ji ko?"

Na ce sun ji.

Ya gyaɗa kai ya ce, "To, na sauke nauyi." Ya ce a dama wa mutane fura.