Irin Gyaɗar Baba Ilu

Jama'a, yau na tafka ɓarna a Gafasa!

Gidan wani dattijo, Baba Ilu, na je gwada sabon layin ruwa, a ga ko yana yoyo. Ina danna famfon gwaji ina karanta surutunku a waya, ashe allurar agogon awon ƙarfin ruwa ta wuce iyaka. Sai ji na yi fau! Bututu ya fashe a ɗakin ajiyarsa, irin gyaɗarsa ya jiƙe sharkaf!

Zan faɗi gaskiya ke nan, sai ya ce, "Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Da ba ka gwada ba, ina za mu san bututun ba shi da kyau?"

Har zabuwa ya ba ni! Ga ta nan ɗaure a babur, wallahi na kasa kallonta.