Gayyar Kwamfutoci

Damina ta same ni a gida, a Daudawa, amma hankalina duk yana kan kwamfutocin jami'a da nake duba aikinsu ta waya. Bincikena na digiri shi ne kwaikwayon motsin ƙwayar wani magani: yadda take manne wa furotin, da lokacin da take sakinsa. Kwamfuta tana lissafa motsin taki ɗaya bayan ɗaya, sai ta yini cur ba ta gama lissafa motsin ko ƙiftawar ido ɗaya ba. Mako shida aka ba ni. In ƙwayar ba ta saki ba, na ƙara shekara a makaranta.

Na roƙi ƙarin kwamfutoci, aka ninka mini su, na tara su duka a kan ƙwaya ɗaya. Wallahi kamar na ƙara musu nawar aiki! Kowace sai ta tsaya ta ji abin da maƙwabciyarta ta samu kafin ta motsa. Mako huɗu suka tafi a haka, ina tsaye kan jigawar bayan gonarmu inda ake samun sabis, ina ta tsaki.

Ran nan Baba ya ajiye fartanya ya ce, "Kai, mi wayar nan ta yi maka?"

Don in gajarta zance na ce, "Gayya na kira, Baba, amma aikin ya ƙi gaba."

"Kunya nawa ka ba su?"

"Ɗaya ce."

Ya dube ni kamar na zubar da fura. "Mutum arba'in kan kunya guda? Ai sai hira da taka ƙafar juna. Kowa ka ba shi tasa, ka ga wanda zai riga fita."

Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san gaskiya ya faɗa. A nan tsaye na raba aikin, kowace kwamfuta da kwafin ƙwayarta, wadda tata ta fara saki ta sanar, a haɗa lokacin da duka suka yi. Saura kwana biyu, ɗaya ta saki.

Na rubuta wa malamina, har da ɗan fankama, wai na gano sabuwar hanya. Amsarsa layi biyu ce. Ya taya ni murna, sannan ya ce dabarar tsohuwa ce, tana cikin takardun da ya ba ni tun shekarar farko.

Na buɗe jakata. Ga su nan a ƙasa, ban ko cire musu roba ba.