Jar Fitilar Ɗakin Ɗanjuma

Maza huɗu ne suka zo ranar Lahadin da ta biyo bayan sadakar arba'in ɗin ƙanena Ɗanjuma, kuma zan kira sunan kowa don kada gobe wani ya ce ba ya wurin. Akwai Alhaji Bala mai tumatir na kasuwar Mile 12. Akwai Baba Tunde direban bas ɗin haya da ake kira danfo, wanda Hausarsa ta fi ta jikokina. Akwai Danladi mai gadi a Ogba, da ya taho kai tsaye daga coci da takalminsa mai sheƙi, sai Isufu mai shayi, mutumin Nijar. Mata biyu: 'yata Hauwa, wadda ke rubuta wannan tunda ni ban yi boko ba, da ni Talatu. Duk mazan nan masu furfura ne, amma abin da yake tara su duk Lahadi shi ne gem na talabijin irin na da, wanda 'ya'yansu ma sun raina.

Ku da kuka san Ɗanjuma kun san bakinsa. Ba ya taɓa abu bai hura masa iska ba. Daga kaset-kaset ɗin gem ya samo halin, don su sai an hura musu suke kamawa, daga nan abin ya bi jikinsa. Makulli sai ya hura. Waya sai ya hura. Duk wanda ya kawo masa matacciyar rediyo a shagon gyaransa amsa ɗaya yake samu: "Ba ta mutu ba, ƙura ce." Ranar sunan ɗan Hauwa na fari jariri ya ƙi yin shiru, mata suka yi ta jijjiga a banza, aka miƙa wa Ɗanjuma. Ya juya yaron, ya duba gaba ya duba baya, ya hura masa a goshi sau biyu. Yaro ya yi tsit. Ya mayar wa uwar, ya ce ƙura ce. Shekara guda muna jin wannan labari.

Ɗakin gaba na gidan mahaifinmu a Agege, kusa da layin dogo, nan ne shagonsa, nan ne makwancinsa. Matarsa Asabe ta rasu ba su haihu ba, bai kuma sake aure ba. Da nawa mijin ya rasu na dawo gida, na ci gaba da sana'ata ta alale. Wurin zamana bakin ƙofarsa ne, nan iska take, nan nake gyaran wake. Ban taɓa yabon wasan nan ba ko sau ɗaya. Kullum sai na gaya masa abin kunya ne mutum da gemu fari ya zauna yana bin ɗan mutum a cikin gilashi. Kullum sai ya ce, "Yaya, to ki daina kallo mana." Ni kuwa ba kallo nake ba. Ido ne kawai ba ya rufuwa don an ce masa.

Talabijin ɗinsa irin mai ƙaton ƙeyar nan ce, daga kasuwar Alaba ya ɗauko ta. Baba Tunde ne ya kawo su a danfo, kuma har gobe yana rantsuwa cewa Ɗanjuma talabijin ya zaunar a kujera, ya cire babbar rigarsa ya lulluɓe ta, shi kuma ya maƙale a ƙofa kamar kwandasta, ana zuba ruwan sama tun daga Ojo. Kwana biyar yana tari. Da na yi masa faɗa sai ya ce shi in ya jiƙe yana bushewa da kansa.

Wata shekara Alhaji Bala ya ji tausayinsa ya kawo masa sabuwa, siririya, irin ta bango. Ɗanjuma ya jona, ya yi wasa kaɗan, ya cire. Ya ce wannan makara take yi, ka danna tsalle, sai an binne ka sannan ka tashi sama. Tana nan ƙarƙashin gadona a kwalinta.

Taron Lahadi yana da doka. Akwai roba da ruwa da sabulu a bakin ƙofa, kuma ba mai taɓa fad, wato abin da ake riƙewa ana dannawa, sai ya wanke hannu. Na ga Alhaji Bala, mutumin da tireloli ke jiran maganarsa, an mayar da shi bakin roba sau biyu saboda maiƙon suya. In an kira sallah a tsayar da wasa, a bar wa Danladi gadin fad tunda gadi aikinsa ne. Sau ɗaya aka dawo daga masallaci aka tarar makinsa ya ƙaru. Ya ce ɓarawo ne ya shigo ya buga masa.

Akwai wani saurayi da ya taɓa zuwa daga Lekki da mota mai sanyi, yana son sayen tsofaffin akwatunan gem ya jera a kabad mai gilashi. Ɗanjuma ya sa ya wanke hannu, ya miƙa masa fad. Sau uku bawan Allah yana faɗawa ramin farko. Ɗanjuma ya karɓi fad ɗinsa, ya hura masa iska, ya raka baƙon har mota, ya ba shi alalena biyu ya ci a hanya.

"Oga," in ji shi, "akwatin da ba a kunnawa gawa ne, ni kuma ba na sayar da gawa."

To, cikin kaset-kaset ɗinsa akwai wani rawaya da takardarsa ta goge, ba wanda ya san sunan wasan. Su suka raɗa masa Ɗan Dako, saboda ɗan mutumin ciki buhu yake ɗauke da shi a baya kamar yaran Mile 12. Gari tara zai ratsa da kayan nan, da rai biyar, kawuna biyar a jere a kusurwar gilashi. Tun Hauwa tana goye Ɗanjuma yake bin wasan nan bai ga ƙarshensa ba. Sauran ba wanda ya taɓa wuce gari na shida. Kuma irin waɗannan na da ba sa ajiye inda ka tsaya. In wuta ta ɗauke, ka koma farko. Shi ya sa ya jona akwatin da batirin tirela, ya ɗora sola a kan kwano.

Wata Alhamis ya kai ƙofar ƙarshe ta gari na tara da kai ɗaya tak. Bai shiga ba. Ya tsayar da wasan, ya kashe talabijin, ya bar akwatin a kunne, ya bi 'yan Lahadi ɗaya bayan ɗaya a waya cewa rai ɗaya ya rage, kowa ya zo Lahadi ya shaida. Ni ina kasuwa, ban san an yi ba. Juma'a da safe ƙirji ya riƙe shi muka kai shi asibiti.

Kowa a gidan nan ya san ni da kashe wuta. Da na dawo ɗaukar masa kaya na ga wata 'yar jar fitila tana ci a ɗaki ba kowa, ba dalili. Na danna ta mutu, na yi tsaki, na kulle ƙofa.

Da yamma ya dawo hayyacinsa. Ma'aikaciya ta kawo abin gwada zafin jiki, ya karɓa ya hura masa kafin ya sa a hammata. Sannan ya juyo gare ni.

"Yaya, jar fitilar nan tana ci?"

Ya gaya min abin da take riƙe da shi. Ni da na goya shi, na yi masa duka a kan ƙarya tun yana tsirara, na dubi idonsa na ce tana ci.

"In ban fito ba, a kira 'yan Lahadi su ƙarasa min. Rai ɗaya ne, a ba mai natsuwa."

Kwana uku bayan nan ya cika. Da aka ja mayafi aka rufe masa fuska, Allah ya yafe min, abin da ya zo min a rai shi ne in ɗaga in hura masa a goshi.

Da aka yi bakwai masu gaisuwa suka ragu, sai na fara shiga ɗakin bayan sallar Asuba in kulle ƙofa. Hauwa ta ɗauka kuka nake shiga yi. Na wanke hannu, na kunna. Ranar farko na fi ɗan Lekki faɗawa rami. Yatsuna sun saba da ƙulla alale, ba su san tsalle ba. Amma hanyar na san ta kamar hanyar kasuwa. Na san gadar da take karyewa, na san inda tsuntsu ke sako dutse. Na kuma san abin da yake kashe Ɗanjuma: kwaɗayi. Ba zai ga 'yar ayaba tana lilo a bakin rami ya wuce ba. Ni ban ɗauki komai ba, na bar musu ayabarsu. In na ga abu yana zuwa in tsaya ya wuce. Wata guda cur ina wannan, alale ya ƙone min sau biyu. Saura kwana biyu a yi arba'in na tsaya a ƙofar ƙarshe.

Sai dai kawuna uku ne a kusurwa. Na san ɗaya ya bari. Na kai ɗan mutumin bakin rami don in zubar da biyu, ya tsaya yana kallon ƙasa da buhunsa a baya. Ban iya ba. Na ce wataƙila ba za su lura ba.

Ranar Lahadi suka wanke hannu ba wanda ya ce musu, suka zauna a tabarma, aka bar kujerar Ɗanjuma ba kowa. Danladi ya kunna talabijin. Isufu ya matsa kusa da gilashi ya ƙirga da yatsa, ya sake ƙirgawa. Ya ce shi dai ɗaya aka gaya masa. Baba Tunde ya ce shi ma, abi rai yana haihuwa ne in an bar shi a ɗaki? Alhaji Bala kuwa ni yake kallo, ni kuma ina kallon wakena.

Na ajiye faranti na gaya musu duka, tun daga tsakin da na yi har ƙaryar asibiti. Na ce wanda zai zage ni ya zaga, gani.

Sai Alhaji Bala ya ce, "Hajiya, gari na shida, inda ƙasa ke zamewa, yaya kika yi?"

Na ce a daina gudu, a taka a hankali. Ya dafe kai ya ce shekara ashirin wurin nan yana kashe shi. Sannan ya ɗauki fad da hannu biyu ya miƙo min. Ya ce mai natsuwa aka ce.

Abin da ke bayan ƙofar nan ba wanda ya taɓa gani, har Ɗanjuma. Wata ƙatuwar ƙaguwa ce ta cika gilashi. Kafin in ce bismillah ta cinye kai ɗaya. Maza huɗu suka taso min da shawara, wannan tsalle, wancan baya, Baba Tunde ya koma Yarbanci. Na ce duk wanda ya sake buɗe baki zai fita. Kai na biyu ban yi faɗa da shi ba, kallo na yi. Sau biyu take sara da hannun hagu, sau ɗaya da dama, sannan ta tsaya ta huta kamar ni a matakalar gada. Ta cinye shi, amma na gani.

"Saura na Ɗanjuma," in ji Danladi a hankali.

Hagu, hagu, dama, na haye kanta. Sau uku na yi haka, ta kife.

Muka jira abin mamaki. Ɗan mutumin ya taka zuwa ƙofar wani ƙaramin gida, ya sauke buhunsa, ya zauna a kai. Wani rubutu ya fito da ko Hauwa ba ta iya karantawa ba. Shi ke nan. Baba Tunde ya ce shekara talatin don mutum ya ajiye buhu, ko kuɗin dako ba a biya shi ba. Ya fara dariya, duk muka kama, har Isufu ya kwanta a tabarma, kuma ban san lokacin da dariyar Tunde ta koma wani abu ba, ya rufe fuska da hularsa.

Alhaji Bala ya ɗaga hannu muka ɗaga, Danladi ya sunkuyar da kai. Allah ka jiƙan Ɗanjuma. Ka sauke masa nauyi kamar yadda ɗan dakonsa ya sauke, ka zaunar da shi a ƙofar gida mai sanyi kusa da Asabe. Ka yafe masa, ka yafe wa yayarsa ƙaryar da ta yi masa.

Washegari bayan Asuba na shiga ɗakin. Na kashe jar fitilar, wannan karon da sanina. Na wanke robar bakin ƙofa na sa sabon sabulu saboda Lahadi. Sannan na zare rawayan kaset, na duba ba kowa, na hura masa sau biyu. Hauwa ta shigo ta same ni ina share ido da bakin zani. Na ce mata ƙura ce.