Ƙwayoyin dafin maciji da ƙafata ta hagu

Assalamu alaikum. Na daɗe ban ce komai a nan ba. Masu kira da masu aiko saƙo, duk na gani, amsawar ce ta gagare ni. Yau na samu ƙarfin zama, bari in faɗa muku da bakina.

Ƙafata ta hagu babu ita. An yanke ta daga ƙasan gwiwa.

Waɗanda suka san ni sun san fawa ce sana'ata, gadon gidanmu a Runjin Sambo. Na jima da ciwon sukari, ina shan maganin asibiti, ina zuwa awo. Bara bayan babbar salla muna sauke shanu a kara, wani bijimi ya taka min babban yatsa. Ɗan rauni ne. Na ɗaure da ƙyalle na koma bakin aiki.

Sai ya ƙi warkewa. Ya fara ruwa, gefensa ya yi duhu.

Yayana Umaru ya zo duba ni, ya ce, "Shekara da shekaru kana haɗiyar ƙwayoyin asibiti, mi sunka yi maka? Akwai wani mai magani a Tudun Wada, wani irin magani yake yi wai shi homiyofati. Tashi mu tai."

Muka je. Shago ne mai tsabta, ƙananan kwalabe jere a kanta. Gaskiya mutumin ya saurare ni yadda ba a taɓa saurarona ba. Har ɓangaren da nake kwanciya ya tambaya, da ko matsattsen wuyan riga yana damuna. Ya ce tunda hagu ce kuma ta yi duhu, maganina shi ne wanda aka haɗa da dafin maciji, an tsarma shi da ruwa, an sake tsarmawa. Ya ce, "Dafi shi ka kashe dafi." Ya ba ni fararen ƙwayoyi kamar gero, a sa a ƙarƙashin harshe. Ya ce in ajiye maganin asibiti don kada ya karya ƙarfin nasa.

Matata Asma'u ba ta yarda ba. Ta ce, "Baban Nana, ka sha wanga, amma don Allah kada ka bar wancan." Na ce mata mai magani ya fi mu sani. Na ajiye na asibiti.

Ƙafa ta kumbura. Zazzaɓi ya shigo, ga ƙishirwa da ba ta ƙarewa. Na kira mai maganin na faɗa masa. Ya ce, "Alhamdu lillahi, magani ya kama ke nan. Sai ya koro ciwon waje tukuna." Na ƙara haƙuri.

Na daina zuwa masallaci saboda wari. Ni da na tashi cikin nama, na san warin naman da ya lalace. A jikina nake jin sa, kuma ban daina sa ƙwayoyin ba.

Wata Juma'a da hantsi na faɗi a tsakar gida. Asma'u ba ta jira shawarar kowa ba, ta fita ta taro keke.

A asibiti na'urar awon sukari ta kasa nuna lamba, abin ya wuce iyakarta. Aka sa min ruwa, aka fara allurar insulin, aka ɗebi jini, aka yi hoton ƙafa, aka ce ƙoda ma ta fara taɓuwa. Asma'u ta miƙa wa likita kwalbar ƙwayoyin tana kuka, tana tambaya ko dafin ne ya ci ƙafar.

Likitar ta duba ta ce, "Hajiya, an tsarma shi har babu sauransa a ciki. Ƙwayar sukari ce kawai. Barin maganin asibiti ne ya jawo wannan, da lokacin da ya wuce."

Yatsu aka fara cirewa. Kowace safiya ana wanke ciwo, ni kuwa ina cizon hular kaina don kada yarana su ji ihuna. Ruɓar ba ta tsaya ba, ta ci gaba da hawa. Likita ta ce, "Malam, ko ƙafar, ko kai."

Maƙwabcin gadona wani manomi ne mai irin ciwona. Ya ƙi yarda a yanke, 'yan'uwansa suka mayar da shi ƙauye. Kafin a sallame ni labarin rasuwarsa ya iso. Allah Ya jiƙansa.

Ni na sa hannu.

Da aka gama aikin, ma'aikata suka tambayi wanda zai karɓi ƙafar ya binne. Yaya Umaru ya ce, "Ni na kai shi wurin mai maganin nan, ni zan kai ta." Ya naɗe ta da farin yadi ya tafi maƙabarta shi kaɗai. Da ya dawo ya tsaya a bakin gado, ya kasa kallona. Ya ce, "Ƙanena, ka yafe min." Na ce, "Yaya, alheri ka nufa." Muka yi kuka kamar yara.

Shanun da nake kiwo duk sun tafi a magani da jini da kuɗin aiki. Mai shagon kuwa, da aka gaya masa, cewa ya yi ban yi haƙuri ba.

Yanzu ina gida. Dungun ya warke, ina koyon tafiya da sanduna, ina sallata a zaune. Wani lokaci yatsan da babu shi yana min ƙaiƙayi, in kai hannu in tarar da tabarma.

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya bar ni da rai. Asma'u, Allah Ya saka miki da Aljanna. 'Yan'uwana mahauta da suka ba da jini, da ma'aikatan jinya da suka jure warina ba su taɓa yamutsa fuska ba, Allah Ya biya ku.

Mai ciwon sukari, ka duba ƙafarka kullum. Ko ƙaya ce ta soke ka, ka nuna wa likita, kada ka jira. Duk abin da aka ba ka a waje, ka kai shi asibiti a gani, kuma kada ka ajiye maganinka don wani ya ce. Idan kuwa ka ji mai magani ya ce ƙaruwar ciwo alamar sauƙi ce, ka tashi ka bar wurin tun kana da ƙafar tashi.