Ranar da Na Turara Irin Malam

Ko na tsufa na manta sunayen jikokina, wannan abu ba zai fita raina ba. Lokacin muna ƙasar waje, a unguwar Sri Petaling, a bene hawa na tara, maigidana, da nake kira Malam, yana digiri na uku a kan tsirrai. Malaminsa ya ba shi irin wata 'yar bishiya ta Ostireliya, ba ta wuce gwiwa, mai ƙananan furanni, wai a dajin da gobara ke yawan ci take fitowa. Ya shuka a jami'a, shiru. Ya gasa wasu a na'ura, shiru. Ragowar ya kawo gida ya jera a baranda cikin kofuna. In waɗannan ba su fito ba, aikin shekara guda ya tashi a banza. Bawan Allah har tuwo ya rage ci.

Ni kuwa ba na iya zama babu turaren wuta. A ɗaki ba dama, akwai wata aba a silin mai ihu da ta ji hayaƙi. Sai in Malam ya fita in hura gawayi a baranda. Ranar nan na ajiye kasko ƙarƙashin kujera, na rufa babban mayafina a kan kujerar don ya sha ƙamshi, ashe har kofunan na lulluɓe. Na shiga kicin na shagala. Da na ɗaga mayafin, hayaƙi ya turnuƙe su, ƙasar har ta yi ɗumi. Na ce shi ke nan, na dafa wa Malam digirinsa.

Sati biyu na yi gum, ina ta ƙara masa nama a miya. Wata safiya ya kira ni baranda. Kofunan nan duk sun yi tsiri, kore shar. Amma maimakon murna sai ya dafe kai, wai in bai san dalilin fitowarsu ba, ba abin da zai rubuta.

Na sunkuyar da kai na ce, "Malam, ni fa na turara su."

Ya zauna daɓas yana dariya. "Uwargida, ashe hayaƙi suke jira, ni ina ta fama da zafi."

Washegari kaskona ya tafi jami'a a jakarsa, shi da malaminsa suka maimaita turarawar, irin ya fito.

Tun ranar na daina ɓoye ɓarnar da na yi. Da na ci gaba da shiru, da tsiron ya fito, aikin Malam kuma ya mutu a bakina.