Waken Shuka a Hannun Maƙwabciya

Ban taɓa kama ta ba, gara in faɗi wannan tun farko. Shekara huɗu muna katanga ɗaya da ita a Konni. Tsohuwa ce mai riƙon jikoki uku, kuma duk saƙon da iyayena suka aiko daga Dogarawa hannunta yake fara sauka. Ni ina lakwal, makarantar boko, ina koyarwa, maigida yana tasha, gida a kulle. Ɗan kabu-kabu kuwa ba ya jira. Ya buga ƙofa sau biyu, ya ji shiru, sai ya miƙa mata ya ƙara gaba.

Mahaifiyata tana da irin ɗaurinta. Takan naɗa igiya sau uku a bakin buhu, ta soke bakin igiyar ciki, sai ka sa haƙori kafin ya kwance. Abin da ke isowa hannuna kuwa ɗaurin zarge ne, ka ja ya buɗe. Kuka ta zo, in ga kamar ta sauka. Daddawa ta zo, in ga gurbin guda biyu. To amma kayan sun bi ta hannun direba, sun bi ta hannun ɗan kabu-kabu, mahaifiyata ma ido ya fara yi mata gardama. Wa zan riƙe? Maigida in ya gan ni ina jinjina buhu ina shinshina igiya, sai ya ce da aikin duwan na nema, masu binciken kaya a kan iyaka, da tuni na samu galon girma a kafaɗa. Ni dai nakan karɓi kaya, in yi godiya har da durƙusawa, in shigo gida in yi ta cin raina.

Wata ranar bazara, ana jiran ruwan fari, na taso daga aiki da rana na biya wurinta na karɓi ƙaramin buhun wake. Ɗaurin zarge ne, kamar kullum. Ban ma cire takalmi ba mahaifina ya bugo waya.

"Kin ga saƙo? Iri na, na gonarku ta Tsarnawa. Na zuba mishi maganin ƙwari na gauraye da toka. Kada wanda ya kai shi baki, ko an wanke shi."

"Baba, tiya nawa ka zuba?"

"Wa ya auna? Na dai cika buhu."

Na dubi buhun. Bai cika ba. Amma wake yakan kwanta a hanya in mota ta girgiza shi, wannan ma na sani. Na buɗe, na ga wake fari da toka, daidai da na kowane rumbu. Ina tsaye sai ƙamshin dafaffen wake da kanwa ya tsallako katanga. Daga gidan tsohuwar yake fitowa. Jikokinta suna tasowa daga makarantar allo kafin azahar, kuma abin da ke kan wutar nan shi za su ci.

Na tarar da ita a tsakar gida tana gyaran zogale, tukunya na tafasa a kan murhu. Na sake gaishe ta kamar ba yanzu muka rabu ba. Na tambayi ciwon ƙafarta, na tambayi zafi. Sannan na kawo zancen a kaikaice.

"Inna, kin ji Baba, ashe waken nan na shuka na. Magani gare shi. Wai ko an wanke kashewa yakai."

Hannunta bai tsaya ba. "To, Allah shi kyauta. Sai ki aje shi nesa da yara."

"Wake kika ɗora?"

"Wake na. Kasuwa na sawo shekaranjiya." Ta ɗago ta dube ni. "Mi ya hwaru, malama?"

Na dube ta. Idonta tar, ko ƙiftawa babu. Mai gaskiya haka yake kallo, wanda ya daɗe da iya ƙarya ma haka yake kallo. In na ce ta ɗiba, na kira sa'ar uwata ɓarauniya a cikin gidanta, kuma kafin la'asar unguwa ta ji. In na yi shiru na fita, ƙila in bar yara uku da ajalinsu a kwano. Haushi ya kama ni, nata da nawa. Shekara huɗu ina neman hujja don in ji daɗin cewa ai na faɗa, ga shi yau ina roƙon Allah ya sa zargina ƙarya ne.

Sai na ce, "Inna, wutarki za ta mutu, bari in iza miki."

Na durƙusa na kama icen da ya fi kauri, na tura shi da ƙarfi ƙarƙashin tukunyar, na ɗaga. Ta kife can gefe. Ruwa ya kashe wutar, toka ta tashi, wake ya watse a ƙasa yana tururi. Na yi salati, na hau ba da haƙuri, muryata ma ni kaina ban yarda da ita ba.

Ta bi waken da kallo. Ni kuma na tsaya ina jira, don na san halin tsofaffinmu a bazara: abinci ba ya zubewa a bar shi. In na kasuwa ne, za ta kwashe na sama ta ɗauraye ta mayar.

Kajinta suka rigaye ta. Suka taho a guje, uwar a gaba. Tsohuwar da ke kukan ƙafa ta miƙe zumbur, ta jefe su da faifai, ta bi su da tsintsiya tana kora har bayan ɗaki. Ta dawo tana haki, ta tsaya a kan waken ta raba ƙafafu.

"Ɗauko mini hauya, tana nan bayan ƙyaure."

Na ɗauko. Ta haƙa rami a gindin katanga, ta share waken tas har da ƙasar da ya jiƙa, ta binne, ta taka. Ni ina riƙe da murfin tukunya kamar wawuya. Na samu abin da na daɗe ina nema, kuma wallahi ban ji komai ba sai kunya.

Ta jingina hauyar, ta zauna, ta jawo zogalenta. Ba ta dube ni ba.

"Tun jiya da rana rabonsu da tukunya," in ji ta. "Ga su nan tahe. Ke da kika iya karatu, gaya mini abin da za ni ce musu."