Rumfar Rokiah

Yayana Zainol aikin sigina ya yi a tashar jirgin ƙasa ta Gemas har ya yi ritaya. Daga nan sai ya sake gina tashar a ɗakin baya na gidansa, da kwali da tsinken ashana da gam, jirage 'yan mitsi-mitsi suna zagaye a kan layi. Dattijo da furfura yana rarrafe ƙarƙashin tebur yana haɗa waya. Na sha gaya masa wasan yara ne.

"Ke dai kawo shayi, Hasnah," yakan ce. "Jirgin kudu ya kusa shigowa."

Ya gina tashar yadda ya saba ganinta daga tagar ɗakin sigina, wato ta baya. Gaban tashar bango yake kallo. A can, cikin 'yar tazarar da ke tsakanin tashar da bangon, ya sa rumfar matarsa Rokiah, wadda ta yi shekaru tana sayar wa fasinjoji shinkafar kwakwa a ganyen ayaba. Shekarar da ta rasu ya sassaƙa siffarta, ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba, da jan mayafinta. Ya manna ta a rumfar, ya kafe teburin a bango da ƙusa. Rufin rumfa ya ɓoye ta. Tun ranar ba wanda ya ƙara ganinta, har shi.

Da yanar ido ta cinye masa gani, 'yarsa Salbiah ta sayar da gidan, ta ce ya koma wajenta a garin Seremban. Tashar ko ƙofa ba za ta fita ba sai da zarto. Ya ce a bari ya ɗauki hoton Rokiah a rumfarta tukuna.

Na raka shi shagon Yap mai wankin hoto. Yap ya fito da wata ƙatuwar kyamara mai dogon hanci.

"Wannan, Baba, ko tururuwa ce sai ka ƙirga haƙoranta."

Yaya ya zaro guntun katako daga aljihu, awon tazarar bangon, ya kara a jikinta.

"Ta yi ƙiba."

"Kyamara ka zo saye ko mata ka zo zaɓe?"

"Da mata ce ai mai ƙibar zan ɗauka."

Yaya ya yi ta gwadawa har ya sami wata 'yar siririya. Yap ya daina dariya.

"Wannan ta biki ce, Baba. Ba ta gani kusa. Sai ka ja da baya."

"Bango ne a baya."

Na ce, "Yaya, ka ji fa abin da ya ce."

"Na ji. Ita ce ke shiga."

Na riƙe masa tocila, ya zura hannu tsakanin tashar da bango yana dannawa a makance har fim ya ƙare. Ba a jira wankin hotunan ba, don wanda ya sayi gida yana son makulli. Mijin Salbiah ya zo da zarto. Ashe gara ta gama da ɓangaren bango. Yana ɗagawa, gaban tashar ya zube ya zama gari. Na tankaɗe sharar da hannuna. Ban sami Rokiah ba.

Hotunan suka fito duk dishi-dishi. A ɗaya akwai ɗan jan tabo a tsakiya. Yaya ya kai shi dab da hancinsa, ya daɗe.

"Ga ta nan."

"Yaya, babu komai a nan."

"Ke ma haka nake ganinki."

Bai cika shekara a Seremban ba ya rasu. Da aka zo rabon kayansa ba wanda ya so hoton, sai na ɗauka. Yana rataye a falona. Baƙi kan tambaya ko barkono ne. Sai in ce matar yayana ce, tana sayar da shinkafa.